Yadda Direba Yake Sarrafa Firinta ta Kafar Faralel

Gabatarwa

A kusurwar ɗakin kwamfuta na makarantarmu akwai wata tsohuwar firinta mai allurai, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Kowace shekara sai mun sami ɗan aji ɗaya da zai tambaye mu ko injin ɗinki ne. A bayanta akwai kebur mai kaurin ɗan yatsa. Kansa ɗaya yana da tsinkaye 25 a layi biyu, ɗaya kan kuwa faffaɗa ne, ana maƙale shi a jikin firinta da 'yan ƙugiyoyin ƙarfe biyu. Sau da yawa an so a kai ta sito, amma mun roƙa a bar mana ita, gama ba mu da wani abin koyarwa da ya fi ta nuna yadda kwamfuta take magana da na'urar da aka haɗa ta da ita.

Firintocin yau suna aiki ta USB ko ta iska, zancen da yake wucewa tsakaninsu da kwamfuta kuwa yana da sarƙaƙiya ƙwarai. Na kafar faralel ba haka yake ba. Ɗalibi mai natsuwa zai iya bin sa waya bayan waya har ya gane shi duka a zama ɗaya. Wanda ya gane shi kuwa ya riƙe tushen aikin kowane direba, wato sulhunta na'ura mai sauri da na'ura mai nawa, ta hanyar tambaya kafin aikawa, da jira, da kuma sanin lokacin da za a daina jira.

1. Wane ne direba?

Idan muka ce direba a nan, ba na mota muke nufi ba. Direba wata 'yar manhaja ce da take zaune cikin babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, kamar DOS, ko Windows, ko Linux. Aikinta shi ne ta san halin na'ura guda ɗaya ciki da waje, ta kuma yi magana da ita a madadin sauran manhajoji.

Mu ɗauki misali. Akawun makaranta ya gama rubuta wasiƙa, ya danna a buga. Manhajar rubutu ba ta san ko firinta tana kunne ba, ba ta san ko akwai takarda ba, ba ta san lambar kafar da aka soka kebur ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta miƙa wa babbar manhaja rubutun, ta ce a kai wa firinta. A DOS sunan wannan wuri PRN ko LPT1, a Linux kuma /dev/lp0. Ga manhajar rubutu, wurin kamar fayil ne da ake zuba haruffa a ciki. Daga nan sai direba ya karɓa. Da babu direba, da dole kowane mai rubuta manhaja ya koyi halin kowace firinta da take kasuwa.

2. Inda kafar ta fito

Kamfanin Centronics na Amurka ne ya fito da wannan hanya tare da firintarsa mai lamba 101 a shekarar 1970. Faffaɗan kan nan mai mahaɗai 36 da yake shiga jikin firinta har yau da sunan kamfanin ake kiransa. A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta PC, ya ɗauki tsarin, amma a gefen kwamfuta ya sa kai mai ramuka 25 da ake kira DB-25. Firintar da IBM ya sayar tare da kwamfutar kuwa MX-80 ce ta kamfanin Epson na Japan, wadda ta fito a 1980, an dai sauya mata suna. Da sauran kamfanoni suka shiga kwaikwayon PC, sai suka kwaikwayi kafar ita ma. Ta haka ta zama hanyar haɗa firinta ta kusan kowa har shekara ashirin da wani abu.

An kira ta faralel domin wayoyi takwas suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowace tana ɗauke da bit ɗaya, duka su isa a lokaci guda. Kun tuna bit shi ne 0 ko 1, bit takwas kuma su ne bayit ɗaya, wanda ya isa ya ɗauki harafi ɗaya. A kafar siriyal kuwa waya ɗaya ce take ɗaukar bit ɗin, suna bin juna kamar ɗalibai a layin abinci.

3. Wayoyin da suke cikin kebur

Daga cikin tsinkaye 25, takwas na ƙarshe, wato 18 zuwa 25, na ƙasa ne, su ne ma'aunin da ake gwada ƙarfin wutar sauran da shi. Saura 17 su ne masu magana, sun kuma kasu uku.

Kashi na fari, wayoyin saƙo. Su ne tsinke na 2 zuwa na 9. Idan waya tana da wuta kusan volt 5, ana karanta ta 1. Idan tana kusa da sifiri, 0 ke nan.

Kashi na biyu, wayoyin umarni, guda huɗu, daga kwamfuta zuwa firinta. Babba a cikinsu ita ce ta tsinke na 1, wadda injiniyoyi suke rubutawa STROBE. Mu za mu kira ta wayar ƙwanƙwasa, gama da ita kwamfuta take cewa, "Ga harafi a bakin ƙofa, ɗauka." Ta tsinke na 16 tana sa firinta ta manta da kome ta koma farko. Ta 14 tana sa ta matsa takarda layi ɗaya da kanta, ta 17 kuma tana gaya mata cewa da ita ake magana.

Kashi na uku, wayoyin rahoto, guda biyar, daga firinta zuwa kwamfuta. Ta tsinke na 11, BUSY, tana cewa, "Dakata, hannuna a cike yake." Ta 10, ACK, tana cewa, "Na karɓa." Ta 12 tana cewa takarda ta ƙare. Ta 13 tana cewa firinta tana kan layi, a shirye. Ta 15 kuma tana cewa akwai matsala.

Ku lura da wannan rabo. Wayoyi takwas ne kawai suke ɗaukar saƙon, tara kuma aikinsu shi ne tabbatar da cewa ɓangarorin biyu sun fahimci juna.

4. Rajista uku

Direba manhaja ne, ba shi da hannun da zai taɓa waya. To, yaya yake sa wuta a tsinke na 2? Amsa ita ce rajista. Wannan ba littafin kiran suna ba ne. Wani ɗan gurbi ne a cikin kwamfuta mai ɗaukar bayit ɗaya, yana da lambar gida, an kuma haɗa kowane bit nasa da waya. Idan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta rubuta lamba a gurbin, sai wutar wayoyin ta sauya nan take. Idan ta karanta gurbin, sai ta ga halin da wayoyin suke ciki.

A yawancin kwamfutocin PC, kafar LPT1 tana farawa daga lamba 888, wadda littattafai suke rubutawa 378 a lissafin tushe 16. Rajistar saƙo ita ce 888, rajistar rahoto 889, rajistar umarni 890. Kafa ta biyu takan fara daga 632. Akwai kuma 956, wadda take kan katin allo mara launi na IBM na farko. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, manhajar BIOS takan gwada gidajen nan uku, ta fara da 956, sa'an nan 888, sa'an nan 632. Wadda ta fara amsawa ita ce LPT1.

A rajistar rahoto, bit na 7 shi ne na BUSY, na 6 na ACK, na 5 na takarda, na 4 na kan layi, na 3 na matsala. Akwai wani tarko a nan da yakan kama sababbin masu rubuta direba. Kwamfuta tana juya bit na BUSY, wato idan ka karanta 1, firinta ba ta aiki, idan ka karanta 0, tana aiki. Bit na matsala kuma 1 ne idan lafiya, 0 idan da matsala. Saboda haka firinta mai lafiya da take jiran aiki za ta nuna 128 da 64 da 16 da 8, jimla 216, idan muka bar ƙananan bit uku da ba a amfani da su. Direba yana ganin wannan lamba ya san hanya a buɗe take.

5. Tafiyar harafi ɗaya

Bari mu bi harafin A daga kwamfuta zuwa firinta. A tsarin ASCII lambarsa 65, wato 01000001.

Mataki na 1. Direba ya karanta rajista 889, ya duba bit na 7. Idan firinta tana aiki, sai ya jira. Ya kuma duba bit na takarda da na matsala.

Mataki na 2. Da hanya ta buɗe, sai ya rubuta 65 a rajista 888. Wuta ta hau tsinke na 2 da na 8, sauran shida suna ƙasa.

Mataki na 3. Ya ɗan dakata, kamar kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, domin wutar ta daidaita a dukan wayoyi takwas. In ba haka ba, firinta tana iya karanta rabin sabon harafi da rabin tsoho.

Mataki na 4. Ya rubuta 13 a rajista 890. Wannan ya sauke wutar wayar ƙwanƙwasa. Bayan wani ɗan lokaci irin na ɗazu, sai ya rubuta 12, wutar ta koma sama. Ƙwanƙwasa ɗaya ke nan.

Mataki na 5. Firinta ta kwashe bayit ɗin, ta ɗaga BUSY. Idan ta ajiye shi ta shirya, sai ta ɗan sauke wutar ACK ta mayar, ta kuma sauke BUSY.

Mataki na 6. Direba ya koma mataki na 1 da harafi na gaba.

Haka ake yi wa kowane harafi, da kowane fili tsakanin kalmomi, da kowane waƙafi. A zamanin DOS ɗalibi yana iya yin wannan da hannunsa a harshen BASIC: OUT 888,65 sa'an nan OUT 890,13 sa'an nan OUT 890,12. Sau da yawa ba za a ga kome a takarda ba tukuna, domin firinta mai allurai takan tara layi guda kafin ta buga. Sai an aika mata 13 da 10 ta wannan hanya, wato komar da kai farkon layi da matsa takarda, sa'an nan a ji ƙararta. Windows NT da waɗanda suka biyo bayansa, haka ma Linux, ba sa barin manhaja ta taɓa rajistar nan kai tsaye ba tare da izini ba. Dalili kuwa a fili yake. Idan manhajoji biyu suka rubuta a 888 a lokaci guda, wasiƙar shugaban makaranta za ta gauraye da jerin kuɗin makaranta a takarda ɗaya.

6. Jira iri biyu

Yanzu mun zo ga zuciyar darasin. MX-80 tana buga haruffa 80 a sakan ɗaya. Agogon firosesar PC ta farko kuwa yana bugawa sau miliyan 4.77 a sakan. Ku raba, za ku ga cewa kafin firinta ta buga harafi ɗaya, agogon ya buga kusan sau 60,000. Shafi mai layi 66, kowane layi cike da haruffa 80, yana da haruffa 5,280, zai ci fiye da minti ɗaya. Abin ya yi kama da malami mai ba da shifta. Bakinsa ya fi hannun ɗalibi sauri nesa ba kusa ba, in kuwa bai tsaya ba, rabin kalmomin za su zube a ƙasa. Tambayar ita ce, me malamin zai yi a lokacin da yake jira?

Hanya ta fari ita ce leƙe. Direba ya karanta 889, ya sāke karantawa, ya yi ta karantawa har BUSY ya sauka. Wannan ita ce hanyar BIOS, wadda manhajojin DOS suke kira ta lamba 17 a tushe 16. Tana da sauƙi, ba ta kuma cika kuskure ba. Aibinta shi ne kwamfuta ba ta yin wani aiki sai leƙen. Waɗanda suka yi aiki a ofis a wancan lokaci sun san yadda allo yakan daskare har a gama buga takarda, akawu ya naɗe hannu yana kallo.

Hanya ta biyu ita ce ƙararrawa. Idan direba ya sa 1 a bit na 4 na rajistar umarni, to, duk lokacin da firinta ta ba da ACK, kafar za ta katse firosesa ta wata waya ta musamman, wadda ga LPT1 ake kira IRQ 7. Direba ya aika harafi, ya kwanta barci, firosesa ta tafi wani aiki. Da ƙararrawa ta kaɗa sai a tashe shi, ya aika na gaba, ya sāke kwantawa. Malamin shifta ke nan da yake duba littattafan wani aji, sai ɗalibi ya ɗaga hannu ya faɗi kalma ta gaba. Amma ita ma da nata wahala. Kowace katsewa tana cin lokaci, idan kuma ƙararrawa ɗaya ta ɓace, direba zai yi ta barci, firinta ta yi ta jira. Wayoyin IRQ kuma kaɗan ne a PC, har katunan sauti na Sound Blaster na farko suka zo suna amfani da IRQ 7 ɗin nan. Saboda haka direbobi da yawa suka bi tsakiya: su leƙa na ɗan lokaci, in firinta ba ta shirya ba su yi gajeren barci, sa'an nan su sāke leƙawa.

Abu biyu suka rage wannan wahala. Na ɗaya, an sa wa firinta rumbun ajiya, domin ta karɓi haruffa da yawa da sauri ta riƙa bugawa a hankali. Na biyu, an sa wa babbar manhaja mai tsara layi, wanda yake ajiye aikin a faifai, ya sallami manhajar rubutu, sa'an nan ya riƙa miƙa wa direba kaɗan kaɗan. Umarnin PRINT da ya zo da DOS 2.0 a 1983 irin wannan aiki yake yi.

Sai batun wa'adi. A ce an ɗauke wuta a gefen firinta, ko takarda ta cushe. BUSY ba zai taɓa sauka ba. Direban da ba shi da wa'adi zai jira har abada, kwamfuta kuma ta sandare tare da shi. Don haka direba yana ƙirga. BIOS yakan jira kamar sakan 20, in shiru, sai ya koma da rahoton gazawa. Daga nan ne DOS yake rubuta tambayar nan da tsofaffin akawuna ba za su manta ba, "Abort, Retry, Fail?", wato a fasa, ko a sāke gwadawa, ko a karɓi gazawar. Direban kirki ba ya tsayawa ga cewa an gaza. Yakan duba bit na 5 da na 4 da na 3, ya faɗi ko takarda ce ta ƙare, ko firinta ba ta kan layi, ko wata matsala ce dabam.

7. Harshen firinta da haruffanmu masu ƙugiya

Duk abin da muka faɗa aikin direban kafa ne. Shi bai damu da ma'anar bayit ba, ɗan aike ne. Akwai direba na biyu a samansa, direban firinta, wanda ya san harshen da kowace firinta take ji. Firintocin Epson suna jin harshen ESC/P. A cikinsa lamba 27 tana nufin abin da yake biye umarni ne. Idan E ya biyo, sai a fara rubutu mai kauri, idan F ya biyo, sai a daina. Lamba 12 kuma ita kaɗai tana tura takarda zuwa sabon shafi. Firintocin leza na HP suna jin PCL, waɗansu kuma PostScript. Idan aka sa direban wata firinta ga wata, direban kafa zai kai saƙon lafiya lau, amma firinta za ta yi ta zubo shafuka cike da alamomin da ba mai iya karantawa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. ASCII ba shi da ɓ, ko ɗ, ko ƙ. Firinta mai allurai tana da siffofin haruffan Turanci a ajiye cikinta, namu kuwa babu. Shi ya sa takardun Hausa da yawa na wancan zamani suka fito da b da d da k zalla, mai karatu ya yi ta laluben ko kafa ake nufi ko ƙafa, ko kuwa wani ya bi da biro yana sa ƙugiya. Mafita biyu aka samu. Waɗansu firintoci, irin FX-80, suna barin a zana sabon harafi ɗigo ɗigo a aika musu su ajiye. Ɗaya hanyar ita ce direban firinta ya mai da shafin duka hoto, ya gaya wa firinta wace allura za ta buga a kowane wuri. Wannan ta yi sauƙi bayan Windows 3.1 ya zo da haruffan TrueType a 1992. Amma da tsada. Layin rubutu bayit 80 ne, layin hoto mafi sauƙi kuwa, mai ɗigo 60 a inci ɗaya a faɗin inci 8, bayit 480 ne, ninki shida ke nan. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba haruffanmu lambobinsu na dindindin.

8. Abin da direba ba ya gani

A farkon shekarunmu na koyarwa, wannan firinta ta kusurwa ita ce take buga sakamakon jarrabawa. Wata rana da yamma, ana gobe za a raba wa iyaye takardu, sai ta fara fitar da abin mamaki. Duk inda ya kamata a ga fili tsakanin kalmomi sai a ga alamar motsin rai. Yaron da ya ci 40 ya koma 51, mai 68 ya koma 79. Kwamfuta kuwa ba ta kawo ƙarar kome ba. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, wani ya ce a bubbuga firintar.

Muka zauna da takarda da biro, muka sa a buga kalmar BABA. Abin da ya fito shi ne CACA. Muka duba jadawalin ASCII. B 66 ne, C kuma 67. Fili 32 ne, alamar motsin rai 33. Sifiri 48 ne, ɗaya 49. A kuwa, 65, bai sauya ba. Wato duk lambar da take rabuwa biyu daidai an ƙara mata ɗaya, wadda ba ta rabuwa an bar ta. Bit ɗaya ne kaɗai zai iya yin haka, mafi ƙanƙanta, na tsinke na 2. Da muka zare kebur muka haska da tocila, sai ga tsinken ya lanƙwashe bai shiga raminsa ba. Wayar da ba a haɗa ba kuwa firinta tana karanta ta 1 kullum. Muka aro wani kebur, aka sāke buga takardun kafin dare.

Me ya sa direba ya yi shiru? Domin ya yi aikinsa daidai. Ya duba BUSY, ya rubuta bayit, ya ƙwanƙwasa, firinta ta ce ta karɓa. Ba waya ko ɗaya da take mayar masa da abin da firinta ta karanta, kafar kuma ba ta da wani lissafin tantance saƙo. "Na karɓa" ba ya nufin "na karɓi daidai." Da ba don alamomin motsin rai sun cika shafin ba, da mai yiwuwa makin ƙarya ya isa hannun iyaye. Tun daga ranar muka kafa doka cewa ba takardar sakamako da za ta fita sai malamin aji ya gwada ta da littafin makinsa.

9. Yadda aka gyara ta, da yadda ta wuce

Kafar farko hanya ɗaya take kai saƙo. A 1987 kwamfutocin PS/2 na IBM suka sa wayoyi takwas ɗin su iya kaiwa da kawowa. A 1994 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 1284, wadda ta tattara hanyoyi biyar na aiki. Tsohuwar hanyar da muka bi a sama tana kai bayit kamar 150,000 a sakan. Sababbin biyu, EPP da ECP, suna iya kai kusan miliyan 2, domin kayan lantarkin kafar ne suke yin ƙwanƙwasa da jira da kansu, direba ya huta. Ƙa'idar ta kuma ba firinta damar faɗin sunanta da harshen da take ji, abin da ya sa Windows 95 yake iya gane sabuwar firinta ya nemo mata direba. Mutane suka riƙa soka na'urar ɗaukar hoton takarda da faifan Zip a kafar, har a Linux 2.2 na 1999 aka sa wani direba mai suna parport ya zama mai raba kafar tsakanin masu nemanta.

Duk da haka wayoyi takwas a jere suna da iyaka. Idan kebur ya yi tsawo ko sauri ya ƙaru, bit ɗin ba sa isa tare, wutar wata waya kuma takan dami maƙwabciyarta. Shi ya sa keburan firinta na yau da kullum ba su cika wuce mita biyu ko uku ba. USB ya fito a 1996, yana aika saƙo a ƙunshe tare da lissafin tantancewa, in an sami kuskure a sāke aikawa. Ta USB, BABA ba zai koma CACA a ɓoye ba. Cikin shekarun 2000 kafar faralel ta riƙa ɓacewa daga sababbin kwamfutoci. Yau sai a tsofaffin injuna, ko ta ɗan kebur mai juya USB zuwa faralel. Amma ta bar sawu: ku gwada sa wa jakar fayil suna PRN ko LPT1 a Windows, za ku ga an ƙi.

Kammalawa

Idan firinta ta ƙi aiki, ko tsohuwa ko sabuwa, kada ku fara da duka. Ku yi tambayoyin da direba yake yi, bi da bi. Tana kunne? Tana kan layi? Akwai takarda? Aikin ya tsaya a layi ne, ko ya fita? Idan ya fita amma shirme aka buga, ku duba ko direban firinta ne ba nata ba, ko kuwa kebur ne. Tambaya, in ji Hausawa, rabin ilimi ce. Ku kuma tuna a kashe kwamfuta da firinta kafin a soka ko a zare kebur na faralel, gama ba a yi shi domin a taɓa shi da wuta ba.

Aiki domin 'yan kulob ɗin kwamfuta

1. Harafin K lambarsa 75. Ku rubuta shi a bit takwas, ku faɗi tsinkayen da za su ɗauki wuta.

2. Direba ya karanta rajista 889, ya tarar bit na 7 yana 0, bit na 5 yana 1. Me zai gaya wa akawu?

3. A ce tsinke na 3 ne ya lanƙwashe maimakon na 2, firinta tana karanta shi 1 kullum. Me kalmar DADA za ta zama? D lambarsa 68.

Duk wanda ya warware ukun ya kawo amsarsa ɗakin kwamfuta ranar kulob. Za mu yaye ƙyallen, mu kunna firintar, ya aika harafin farko na sunansa da hannunsa.